Mun Rabu da Tokari

Ranar Lahadi

Kawu,

Ga gaisuwa irin wadda na saba yi maka a bakin ƙofa, a durƙushe. Ina fatan kana lafiya, da Anti, da ciwon gwiwar nan da kake cewa ba ciwo ba ne, gajiya ce ta samu wurin zama. Ni lafiyata ƙalau, sai murar da sanyin ɗakin aikinmu ya sa mini, ita ma ta kama gabanta. Sau uku ina kiranka a waya kana ta "Iye? Iye?" har na haƙura. Tunda guduma ta cinye maka kunne, na koma takarda. Direban motar katakon da ke kai muku kaya a bayan ma'aikatarmu yake lodi, ya ce zai riƙa kai maka.

Ka ce in faɗa maka aikin da aka ɗauke ni in yi, da Hausar da kafinta zai gane. To ga shi. Muna da inji mai hannu ɗaya, tsawonsa ya kai naka, gaɓoɓinsa shida, yana lanƙwasa duk inda aka ce masa. A ƙarshen hannun akwai ɗan baki kamar na mazurari, yana fitar da narkakkiyar roba siririya. Yana zagayawa yana ɗora layi kan layi har abu ya tashi, kamar jeren bulo, sai dai kowane layi bai fi kaurin farce ba. Ni ce ke zama gaban kwamfuta ina tsara masa hanyar da zai bi.

Injinan da aka saba da su sama kawai suka iya gini. In abu yana da wurin da ya leƙo waje ba komai a ƙarƙashinsa, kamar barandar bene, dole sai an gina masa tokari da robar, in ba haka ba ya zube. Wannan kai ka fi kowa sani, shekara talatin kana kafa katako a ƙarƙashin rufin kankare. To namu, farantin da ake ginin a kansa shi ma juyawa yake yana karkacewa, don haka kullum sabon layi a kan tsoho yake sauka. Kawu, mun rabu da tokari! Ba ka san yadda na tsane shi ba. Asara ne kawai. Ya ci kaya, ya ci lokaci, a ƙarshe a sa filaya a karya shi a jefa kwandon shara, kuma duk inda ya taɓa sai ya bar tabo.

Nan da wata biyu za mu nuna aikin ga masu ma'aikatar, an ce kowa ya gayyato mutum ɗaya. Umma ta ce ita ba ta iya doguwar hanya, kuma ko da tana iyawa kai ka fi cancanta, tunda kai ka kama hannuna ka mayar da ni makaranta shekarar da Baba ya rasu, kuma har yau ba ka saki ba. Ka ce wa Anti ta fara nemo maka takalmin da ba siminti a jikinsa, in akwai shi a gidan.

Taka,
wadda kake kira Uwata

*

Ranar Talata

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Yau kwana ashirin da uku ke nan ban ji daga gare ka ba. Direba ya rantse mini a hannunka ya sa takardar, a wurin aiki, da rana tsaka. Na tambayi Umma ko ba ka da lafiya ne ake ɓoye mini, ta ce shekaranjiya ma ka je ka gyara mata ƙofar kicin, har ka yi mata faɗan barin guga a hanya. Sai hankalina ya kwanta ta gefe ɗaya, ya tashi ta ɗaya gefen.

Ni kuma bakin da na yi a waccan takardar ya fara kama ni. Abin da za mu nuna bututun ruwa ne mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Yana tashi miƙe lafiya lau. Da an zo kwanar, duk zagaye ɗaya sai farantin ya ɗan karkace kaɗan, kuma layin yana fita siriri ta cikin gwiwar, da kauri ta bayanta, tunda nan ne hanya ta fi tsawo. To daidai tsakiyar kwanar sai bayan gwiwar ya saki, ya zazzago kamar kyandir. Sau tara ke nan. Na rage zafi, na ƙara zafi, na rage gudu, duk kanwar ja ce.

Shugabarmu mace ce mai haƙuri, amma jiya ta tsaya a kaina ta ce in bai tsaya ba kafin ranar, za a koma tsohon salo a rufe nawa aikin. Ka taɓa ce mini duk abin da ya faɗi sai da ya yi magana ba a saurara ba. Na kasa kunne har na gaji, ban ji komai ba. Kai da ba ka ji da kunne ka fi ni jin irin wannan maganar. Ko layi biyu ne ka rubuto.

Uwarka

*

Ranar Asabar

Zuwa ga Injiniya,

Takardunki biyu sun iso. Muna lafiya, gwiwa tana nan inda take. Antinki tana gaishe ki.

Batun bututu, ni kafinta ne, ban san roba ba. Wanda ya rabu da tokari kuma ban ga abin da zai tambayi mai katako ba.

Batun zuwa, ki ba wani kujerar. An duba, takalmana duk da siminti, kada in je in bar muku tabo a daɓe. Kada ki ƙara wahalar da direba, yana da aikinsa.

Allah ya ba da sa'a.

Kawunki

*

Ranar Litinin

Kawu,

Na gode Allah da kuna lafiya. Ni tun da direba ya miƙo mini 'yar takardar nan taka ban san me zan kira halin da nake ciki ba. Tun da nake ba ka taɓa ce mini Injiniya ba sai da dariya a bakinka. Wannan a bushe ta zo. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, na juya bayanta ko akwai saura, babu.

Na yi ta juya maganar, abin da na gano shi ne kana ganin injinmu zai kashe muku sana'a. Haba Kawu. Bututun da bai kai tsawon hannu ba ya gagare ni, ina ni ina rufin bene? Jikokinka ma za su tarar ana kafa katako. Ni tokarin roba nake nufi, wanda ba shi da rai, bai san an karya shi ba. Don me za ka ɗauki fushi a madadinsa?

In kuma ba wannan ba ne, to ka faɗa mini. Kai ka koya mini ba a yi wa mutum hukunci a ɓoye masa laifinsa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, kuma tsoro nake ji. In aikin nan ya rushe zan samu wani. Kai in ka juya mini baya ina zan samo wani?

Direba zan ci gaba da wahalar da shi, ya ce ya yafe. Kujerar kuma ba zan ba kowa ba, ta zauna haka nan kowa ya gani. Ga bututu na goma sha ɗaya nan na ɗaure maka a leda, shi ma ya zube. In ba ka son ganinsa ka jefar.

Uwarka, ko ka kira ko ba ka kira ba

*

Ranar Juma'a

Uwata,

Muna lafiya. Antinki ta ce in ban rubuta wannan takardar ba ita za ta rubuta, kuma ba zan so abin da za ta sa a ciki ba. Da gilashinta na ɗinki nake rubutu, in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri.

Kin ce ba a ɓoye wa mutum laifinsa. Ashe abin da na shuka ne ya tsiro. To zauna ki ji.

Ranar da takardarki ta farko ta zo, gilashina ya kwana biyu da faɗowa daga hawa na biyu, ya yi raga-raga. Lokacin hutun rana ne, muna zaune a inuwar rufin da muka zuba satin da ya wuce, katakon tokari tsaitsaye ta ko'ina. Da magina, da masu kwaɓa kankare, da mai jan wayar wuta, kowa na nan. Ni kuwa shekara da shekaru na ishe su da labarinki, 'yar ƙanwata kaza, 'yar ƙanwata kaza, har in na buɗe baki sai su ƙarasa mini. Sai na ce yau za su ji da kunnensu. Na miƙa wa Mai Rodi, mai ɗaure mana ƙarfe, abokina na shekara ashirin, na ce ya karanta. Shi kuma ya saba da kunnena, in zai yi mini magana sai na ƙetaren titi ya ji. Haka ya buɗe murya.

Da farko abin gwanin daɗi. Da aka zo wurin hannu mai gaɓa shida kowa ya riƙe baki, ni kuwa ina ta gyara zama. Sai ya zo wurin nan. Mun rabu da tokari, na tsane shi, asara ne, a sa filaya a karya a jefar. Ya so ya tsaya, amma baki ya riga ya tafi. Sannan wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi, har mai jan waya yana dukan cinya.

Abin da ba ki sani ba, don a gida ba wanda ya isa ya faɗa, shi ne a wurin aiki ba mai sanin sunana na gaskiya. Tokari ake ce mini. Tun ina saurayi, ranar da katako ya zame ana tsakiyar zuba kankare, na sa kafaɗa na tare har aka kawo wani aka kafa. Ga ni dogo siriri, sai sunan ya zauna daram. Tabon nan na kafaɗata da kike yawan tambaya kina ƙarama ina ce miki ƙusa ce, to shi ne.

Kuma takardar ta zo a mugun sati. Kwana uku kafin nan ɗan kwangila ya ce in daina hawa sama saboda gwiwa, ya ajiye ni a ƙasa ina cire ƙusa daga tsohon katako. Aikin da nake bai wa sabon shiga. Ina cikin haɗiye wannan, sai ga muryar 'yata a bakin Mai Rodi tana faɗin inda ake kai tokari in an gama da shi. Tun ranar, in na gifta sai wani mai kwaɓa ya ɗaga murya ya ce a kawo filaya.

Na san ba da ni kike ba. Kaina ya san haka tun a ranar, zuciya ce ta ƙi ji. Ya yi mini ciwo, Uwata, ciwon da ban zaci akwai sauran wurinsa a jikina ba. Na rasa wanda zan huce a kansa sai ke, kuma wannan ba daidai ba ne. Tsoho ma yana wauta, tasa ta fi daɗewa ne kawai.

Ledarki ban jefar ba. Na ce ba zan buɗe ba, na kwana biyu ina zagaye ta, sannan na sa zarto na raba abin biyu. Ke ma dai. Wa ya ce ki sa mahaɗi a bayan gwiwa? Na bi da farce, duk inda injinki yake fara zagaye ya ƙare, a nan ne, daidai inda ya fi kauri. Wato yana gama zuba mai kaurin, tun yana ɗanye, sai ki karkata farantin ki kuma ɗora masa wani. Mu ko sabon lebura ya san ba a ɗora kaya kan ɗanyen kankare, ba a kuma tsayar da zubi a inda nauyi yake. Ki mayar da mahaɗin cikin gwiwar inda yake siriri. Sannan ki bar shi ya ɗan sha iska kafin ki juya. Gaggawar me kike yi?

Kuma ku daina cika baki wai ba tokari. Na duba da kyau. Kowane layi na ƙasa shi ne tokarin na samansa. Ba ku rabu da shi ba, kun dai hana a cire shi ne.

Batun zuwa ki bar shi tukuna.

Kawunki

*

Ranar Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata na gode da aron gilashi da kuma barazana.

A bakin ƙofar ma'aikata na karanta takardarka, na yi kuka har mai gadi ya kawo mini kujera. Shekara nawa ina wasa da tabon nan da yatsa, ban san abin da ya riƙe ba. Da na san sunan, da hannuna ya bushe kafin ya rubuta abin da ya rubuta. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni na yi maganar, ni ce mai laifi. Ka yafe mini.

Na yi yadda ka ce. Na mayar da mahaɗin cikin gwiwa, na sa injin ya dakata daƙiƙa bakwai kafin farantin ya karkace, na kuma juya 'yar fanka tana hura bayan. Na goma sha biyu ya wuce tsakiyar kwana ya ɗan lotsa. Na ƙara daƙiƙa uku. Na goma sha uku ya tsaya, Kawu. Na tsaya ina kallon hannun yana sunkuyawa, farantin yana bin sa a hankali, ban san na riƙe numfashi ba sai da ya gama. Mun ɗura masa ruwa, ko ɗigo. Shugabarmu ta tambaye ni a wane littafi na samo, na ce mata littafin yana can yana cire ƙusa, gwiwarsa na ciwo. Ga bututun nan na aiko maka, na sake yin wani don ranar.

Yanzu alfarma ɗaya. Abin da ke ƙasan nan ba naka ba ne. Ka ba Mai Rodi ya karanta, a wurin da ya karanta ta farko, da muryar da ya karanta ta.

Gare ku da kuka yi dariya, ina gaishe ku da aiki. Ni ce mai takardar. Ina so kowa ya ɗaga kai ya duba abin da ke riƙe da rufin da kuka zauna a ƙarƙashinsa kuna dariyar, ya kuma tuna wanda ya kafa shi. Ni an kafa mini tokari ina shekara tara, ranar da rufin gidanmu ya tashi faɗowa a kanmu. Duk layin da na ɗora tun daga nan a kansa ya sauka. Injin da kuka ji labari ya gagare ni sau goma sha ɗaya, mutumin nan da kuke gani da tsohon katako shi ya gyara shi da zarto da farce. Mai neman filaya ya zo ya same ni.

Shi ke nan, Kawu. Ranar Alhamis ta sama ce, ƙarfe goma. Kujerar na nan.

Uwarka

*

Ranar Lahadi

Uwata,

Muna lafiya. Gwiwa ta ce in gaishe ki. Na yafe, ke ma ki yafe wa tsoho.

An karanta. Mai Rodi ya hau kan bulo ya buɗe murya kamar yadda kika ce. Da ya zo wurin a ɗaga kai, wallahi duk sai suka ɗaga, har da mai jan waya, baki buɗe, kamar ba su taɓa ganin katako ba. Da ya zo wurin shekara tara sai muryar ta maƙale. Ya ce ƙurar siminti ce. Shekara ashirin yana shaƙar ta, sai ranar ta kama shi. Bayan hutu mai kiran filaya ya zo ya tsuguna kusa da ni muka yi ta cire ƙusa har aka tashi. Bututunki ya zaga hannu hannu, kowa na bin layin da farce. Yanzu yana kan tagar ɗaki, Antinki ta hana a taɓa.

Amma akwai gyara, kada daɗin baki ya ɓata gaskiya. Na ce kun hana a cire tokari, to wannan a roba ne. A wurinmu cirewa ake yi, kuma haka ya kamata. Duk aikina ba ranar da na fi so kamar ranar cire katako. In buge na ƙarshe ya faɗi, kowa ya ja da baya, ni kuma in tsaya a ƙarƙashi ni kaɗai in ɗaga kai. In rufi bai motsa ba, ranar nake cin abinci da daɗi. Ba wanda zai shiga gidan nan gaba ya san na taɓa tsayawa a wurin, kuma ban taɓa jin haushin haka ba sai da ƙafa ta fara gajiya.

Saboda haka zan zo. Ba don in riƙe komai ba, zan zo ne in tsaya a ƙasa in ɗaga kai. Direba ya ce zai ba ni gidan gaba ranar Laraba.

Takalmi Antinki ta kankare da wuƙa, ta wanke, ta shafa mai, simintin ya ce yana nan. Ki gaya wa shugabarku ta yi haƙuri da daɓenta.

Kawunki,
Tokari